Magaribar da Sabo Ya Jira

Yaya Hajara,

Gaisuwa mai yawa. Yaya yara, yaya ƙafar Inna? Mu nan unguwar Catford ta Landan lafiya lau.

Ƙanenmu Sabo, wanda Baba ke cewa in yi koyi da shi, ya goya jaka ya bi Turawan ajinsu zuwa duwatsun ƙarshen arewacin ƙasar Norway. Na tuna masa azumi ake yi, ya ce shi ba irina ba ne. Ashe can a wannan lokacin rana ba ta faɗuwa! Ya zauna bakin tanti da dabino uku, yana jiran magariba har ya suma. Wata Baturiyar ajinsu ce ta ɗura masa shayi, rana na kallo.

Ya dawo yana hawaye, wai in rufa masa asiri. Don Allah ki karanta wa Baba wannan a hankali, sau biyu.

A sa mu a addu'a, a gaida kowa.

Ƙanenki,
Bala