Minista Ce Ta Cinye Ferdie

Asabar, 6 ga Afrilu

Tavoy ya dawo gida da jakarsa da baƙaƙen bokitai biyar. Otal ɗin da yake wa aiki a Negril sun sallame shi, wai baƙi sun ragu. Jikana ne, ɗan ’yata Merlene, ni na goye shi tun uwarsa ta tafi Kingston neman abin yi, amma yau shi ne ya tsaya a tsakar gidana yana karanta mini doka.

“Kaka, ai yanzu an yarda kowane gida ya shuka wiwi guda biyar.”

Na ce, “Madalla, babban lauya. Je ka faɗa wa kakanka, yana can kwance bayan coci, ƙila labarin bai kai masa ba.”

Bai yi dariya ba. Ni ma ban yi ba.

Lahadi, 7 ga Afrilu

Sai yau na ji gindin maganar. Akwai wani Mista Dawes mai kula da gonar wiwin masu kuɗi a can ƙasa wajen Grange Hill, mai shingen waya da takardar izini. Ya ce wa yaron ya kawo masa furen da ya shuka da hannunsa, mai kyau, ba ƙwayar iri ko ɗaya a ciki, zai ɗauke shi aiki. In bai samu ba, uwarsa ta samo masa gadi a Kingston, kuma ba za su jira shi har abada ba.

Wato in shukar ta lalace ya tafi. Sai ni da akuyata Minista. Na sa mata sunan ne don ba abin da take bari a gabanta.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Sun tsiro. Har da raɗin suna. Uku ya ba su sunayen ’yan matan da suka ƙi shi: Kadian, Shanique da Tashoy. Wata ’yar guntuwa mai karkataccen wuya ya ce ita ce Eulalee, wato ni. Na gode, ɗan albarka. Wanda ya riga kowa fitowa kuma ya sa masa Ferdie, sunan kakansa, marigayi mijina.

Na shiga ɗaki na daɗe ina gyaran gadon da yake a gyare.

Talata, 23 ga Afrilu

Ganye ya yi rawaya, ya langaɓe. Babban manomi ya jera bokitan a kan siminti, rana tana dukansu tun safe har la’asar, in ya ga sun yi yaushi sai ya ƙara musu ruwa. Ruwa da safe, ruwa da rana, ruwa da yamma. Shinkafa yake nomawa, ba shi da labari.

Ya same ni ina ɓare koren ayaba. “Kaka, maƙwabciyarmu Mis Pearline ta ce ke ce idon gonar Kaka Ferdie a da. Don Allah ki duba mini.”

Na ce, “Pearline ta san abin da ke tukunyar kowa ban da tata. Ni ’yar zumuntar matan coci ce. Tambayi wayarka, ba ita ta haife ka ba?”

Ba zan taɓa ba. Na riga na faɗa wa Ubangiji.

Laraba, 24 ga Afrilu

Na kasa cin abincin rana, bari in rubuta ko zai fita daga raina.

Ganyen nan shi ne dai ganyen da Ferdie ya shuka a kan tudu. Bai ƙara yatsa ba, bai rage ba. Da shi muka yi rufin kwano, da shi Merlene ta sa takalmi ta je makaranta. Sai ga jirgi mai saukar ungulu, sai ga ’yan sanda da adduna da galan ɗin fetur. Hayaƙin ya rufe garin nan, har fasto na lokacin ya yi wa’azi yana ’yar dariya ba dalili. Suka tafi da Ferdie da ankwa a gaban ’yarsa. Ya dawo daga kurkuku da tari, tarin bai sake shi ba sai da ya kai shi bayan coci.

Yau kuma mai farar mota ne yake shukawa, a jarida a kira shi ɗan kasuwa. Ba wanda ya hau tudun nan ya ce mini Mis Eulalee, yi haƙuri. Kuma jikan Ferdie ne zai je ya durƙusa musu a ba shi aikin ban ruwa.

Ranar da aka sa Ferdie a ƙasa na rantse hannuna ya gama da ganyen nan.

Laraba, 1 ga Mayu

Tashoy ta mutu. Ya ciro ta, saiwar ta yi baƙi tana wari.

Alhamis, 2 ga Mayu

Ina ba Minista ɓawon ayaba sai na ce mata, da ɗan ƙarfi don kunnenta ya fara nauyi, “Minista, ke kin taɓa ganin an ɗora tsiro a baƙar tukunya a kan siminti? Ai dahuwa ke nan, gishiri ya rage. Ga ƙasa Allah ya shimfiɗa bayan kicin, rana da safe, inuwar mangwaro da yamma.”

Minista ta ci gaba da cin ɓawonta. Wani dai da ke wanke ƙafa a bakin tanki ya daina motsi. Kafin azahar na ji ana haƙa.

Da akuyata na yi magana. Ba rantsuwar da ta hana.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ya kwaso ɗanyen kashin kaji daga wurin Pearline ya tula wa Shanique, wai don ta fi saura kyau. Ta ƙone ƙurmus. Na ce, “Ta ƙi ka tana mutum, ta ƙi ka tana ganye. Yarinyar nan tana da ra’ayi.”

Ya ce, “Kaka, bakinki ko, Allah ya shirye shi.”

Saura uku. Merlene ta bugo, wai mai gadin da Tavoy zai gada ya kusa tafiya. Jakar Tavoy tana nan bayan ƙofa, bai taɓa kwance ta duka ba. Ina gani. Kullum sai na share gefenta.

Juma’a, 17 ga Mayu

Ruwa ya sauka, sun miƙe. Kadian ta yi jiki. Eulalee tana nan guntuwa, ta yi faɗi, ba ta da niyyar mutuwa. Ferdie kuwa ya wuce su duka, dogo siriri, kansa a sama, sak mai sunan. Tavoy yana zama gabansa da kofin shayi yana ba shi labari. Jiya na ji yana cewa, “Kaka, kai ne za ka fitar da ni kunya.”

Bai taɓa ganin mutumin ba sai a hoto.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na dawo daga coci na bi ta bayan kicin, don nan ne hanyar ɗebo na’ana’a. Ban duba ba, idona ne ya faɗa. Kadian da Eulalee sun fito da farin gashi a hammatar reshe, mata ne. A hammatar Ferdie kuwa ’yan ƙwallaye ne cunkus, kamar nonon ayaba ƙanana.

Namiji ne. Dama haka suke, su ne dogaye, su ne masu kyau, su ne marasa amfani. In ƙwallayen suka buɗe, garinsu ya bi iska, matan nan duk su cika da iri, Mista Dawes ko kallo ba zai yi ba.

Aikina ke nan a tudu. Kowace safiya in zaga da buhu in tsame maza. Ferdie yakan ce da a ce ni aka ba tsame maza a duniya, da shi ma bai tsira ba.

Litinin, 20 ga Mayu

Na gwada ta bakin Minista. “Bunsuru ɗaya cikin garke, Minista, kin san abin da ke biyo baya. A duba hammatar dogon nan.”

Wannan karon ya amsa. “Ki gaya wa Minista wanda ya sayar mini da irin ya rantse duk mata ne. Fure ne yake haɗawa. Kuma kowa ya taɓa mini Ferdie, ni da shi ne.”

Kan kakansa ne da shi, dutse. Na sake bi ta wurin da yamma. Ƙwallayen sun kumbura.

Talata, 21 ga Mayu

Ya tafi kasuwar Savanna-la-Mar sayo mini kifin gishiri da fulawa. Ni na aike shi, ko da yake akwai saura a gwangwani.

Na jiƙa buhu, na yayyafa wa dogon ruwa don kada garin ya tashi, na kifa masa buhun tun daga kai, a hankali, na ɗaure a ƙasa. Hannun bai manta komai ba, munafuki. Sai da na ja sau biyu ya fito, gwiwata tana ƙara. Ban san lokacin da na ce, “Yi haƙuri, maigida Ferdie, sun sake zuwa tafiya da kai,” ba.

Na kai shi can cikin kwari na ajiye.

Da Tavoy ya dawo ya ga rami, ledar kifin ta faɗi daga hannunsa.

“Kaka! Ina Ferdie?”

“Minista ce. Ka san halinta.”

Ya kalli Minista a ɗaure a turkenta tana tuƙa. Ya kalle ni. Ya bi sawun ƙasar da ta zuba har kwari. Ya daɗe. Da ya dawo idonsa ja, ya ce, “Ashe Minista ta iya ɗaure bakin buhu.”

Na ce, “Akuya ce mai ilimi.”

Ya shiga ɗaki bai ci abinci ba. Na ji ƙarar zik ɗin jaka. Ban san buɗewa yake ko rufewa ba, ban kuma tambaya ba.

Alhamis, 23 ga Mayu

Ba ya mini magana. Ya je kwari ya ƙone buhun da kansa. Hayaƙin ya shigo har kicin, na fita na zauna wajen Pearline na sha surutunta kamar magani.

Lahadi, 9 ga Yuni

Matan biyu sun yi fure, danƙo har yana kama yatsa, in ji shi. Ba iri. Mista Dawes ya ga hoto a waya ya ce a kawo masa idan sun nuna. Zai sami yaro mai hannu a ɓagas, da ilimin da Ferdie ya biya da huhunsa, ko sunansa ba zai sani ba. Allah yana gani. Ni dai ban yafe ba.

Na ji Tavoy yana ce wa uwarsa ta ba wani gadin. Jakar tana kan kabad, wayam, rigunansa a kan igiyata sun cinye mini wurin shanya.

Ɗazu ya tsaya a ƙofar kicin yana sosa ƙeya. “Kaka, akwai wasu tsutsotsi a jikin Kadian. In Minista tana da lokaci gobe da safe, ko za ta zo ta duba mini?”

Na ce zan tambaye ta, tana da aiki da yawa.

Na ɗan bi ta can da yamma, na’ana’a ta ƙare. Tsutsa huɗu kawai na cire, ba wani abu ba. Yatsuna suna warin rigar Ferdie in ya sauko daga tudu. Ga sabulu nan a bakin tanki. Sai anjima.