Rasuwar Injiniya Rasim Toromanović da Itacen da Ya Bi Shi Kabari

Cazin, 21 ga Yuli, 2023

Tun ranar 9 ga Maris, 2004, Ƙungiyar Masu Rainon Itacen Kesten ta Krajina take roƙon hukumar da abin ya shafa ta kewaye mata gonar gwaji da waya, har yau ba ta ga ko turke ɗaya ba. A kan wannan tsohon takaici ne, cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah, ƙungiyar ta samu labarin rasuwar shugabanta kuma wanda ya kafa ta, Injiniya Alhaji Rasim Toromanović, wanda ya cika ranar Litinin a gidansa. Labarin bai iso mana ba sai bayan an rufe shi, domin babu wanda ya tuna cewa ƙungiyar tana nan da ranta.

Marigayin ya ƙarar da ƙuruciyarsa da tsufansa a kan cutar nan mai cin ɓawon kesten har itace ya bushe a tsaye, cutar da ta cinye dazukan da suka ciyar da kakanninmu da gari da gasassun 'ya'ya a shekarun yunwa. Duk watan Yuni yana bisa tsani, yana ɗaure furanni cikin jakar takarda, yana haɗa barbarar irinmu mai zaƙi da irin ƙasar Sin wanda cutar ba ta kashewa. Masu wucewa sukan ɗago kai su tambaye shi ko yau auren wa ake ɗaurawa, shi kuwa ya ce na jikokinsu ne, su zo da goron gayyata idan sun dawo daga Jamus. Ba su dawo ba.

Daga ɗaruruwan da ya gwada, ɗaya ne tak ya jure cutar kuma ya ba da 'ya'ya irin na da. Ya yanki reshensa ya aura wa wani gindi a bayan gidansa, inda idonsa ke kai. Na gonar gwaji kuwa, uwar da duk dashen da ya fitar daga gare ta, awaki da gobarar bazara sun gama da su. Na bayan gidan ne ya rage, kuma mun shirya ɗibar rassansa a ƙarshen sanyi mai zuwa.

Al'adarmu ce a jera wa mamaci katakon kesten a kabari, saboda ba ya saurin ruɓewa. Da 'ya'yansa, Nedžad da Elvedin, suka iso daga birnin Graz, sai suka tambayi maƙwabta wane itace mahaifinsu ya fi so. Aka nuna musu na bayan gidan, suka sare shi suka jera masa katakonsa a kabari. Ƙungiyar tana so jama'a su sani cewa ba ta ga laifin waɗannan bayin Allah ba: girmama uba suka yi da abin da suka sani, kuma mu da muka fi su sani ba mu kasance a wurin ba.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga uwargidansa, Hajiya Zejna, da 'ya'yansa da jikokinsa da dukkan zuri'ar Toromanović. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya karɓi wahalarsa a matsayin sadaka, ya ba iyalansa haƙurin jure wannan rashi, da na abin da za su karanta a nan.

Na je gidan jiya da wuƙar auren itace da tsumma mai laima, ko zan samu reshen da zan ceta. Rassan sun kwana uku cikin rana, babu mai sauran rai a cikinsu. Kututturen zai yi toho baɗi, amma tohon na gindin ne, irin da cutar take kashewa. Irin da Rasim ya samar ya ƙare.

Sa hannu:
Dakta Ekrem Kantarević
Sakatare kuma mai magana da yawun ƙungiya, mamba ɗaya da ya rage