Jiminun Baba Illo

Asabar, 3 ga Nuwamba 1984, Agadas
Dogon ido, gilashin ɗaukar hoto daga nesa, ya shigo hannuna. Bafaranshen nan da ya bar aiki a Arlit ya sallama mini shi jiya, har da ƙafa ukunsa. Tsawonsa kamu guda ne. In ka ɗaura shi a bakin aparai, wato kamara, ka ja, abin da ke nesa ya taho, in ka tura ya koma. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar fuskoki don katin dantite na shaidar ɗan ƙasa, kunne biyu a waje, ban da murmushi. Na gaji da kunnuwa. Na hau soro na auna hasumiyar masallaci, sai ga tantabara a kan icen da ya leƙo, har ƙwayar idonta. Matata Habsa ta ce, "Hatsi ya ƙare a gari, kai ka sawo bututu." Matar nan ba ta san abin kirki ba.

Talata, 6 ga Nuwamba
Hoto goma sha biyu, goma sun yi dishi-dishi. Numfashina ma girgiza shi yake. In rana ta take, zafin ƙasa ya sa komai rawa. Sai da sassafe, kuma sai na riƙe numfashi.

Alhamis, 8 ga Nuwamba
Baba Illo ya zo shan shayi. Abokin marigayi mahaifina ne, tsohon madugu da ya sha kai ayari Bilma. Farin bana ya bar masa raƙumi ɗaya cikin arba'in. Na yi masa ƙorafi cewa ba sauran tsuntsu a ƙasar nan sai ungulu da hankaka. Ya daɗe yana juya kofi, sannan ya ce akwai jiminu biyu cikin Abzin, namiji da mace, kwance kan ƙwai. Cikin wannan fari! Ya ce zai kai ni don darajar ubana, amma "idonka ya gani, bakinka bai gani ba." Na rantse masa da Allah.

Juma'a, 16 ga Nuwamba
Mun dawo. Ƙafafuna duk sun tsage, ban damu ba.

Mota ta sauke mu kan hanyar Iferwan, muka yi wuni biyu da raƙumi. Ko'ina gawar dabbobi, fata ta bushe kan ƙashi. Mun wuce rumfunan da mutane suka tashi suka bari, har turmi a ciki.

Baba Illo ya tsayar da ni bayan wani dutse, nesa ƙwarai da sheƙar, ya ce in suka ji warinmu za su bar ƙwan. Da ido ban ga komai ba sai ɗigo biyu. Na kafa ƙafa uku, na ja dogon ido har ƙarshe. Wayyo Allah. Namijin baƙi wuluk, wuyansa ja, ya miƙe daga kan ƙwan a hankali, macen ta zo ta juya su da baki ta kwanta. Har gashin idonta na gani. Na riƙe numfashi, na yi ta ɗauka. Na ba Baba Illo ya leƙa, ya janye kai da sauri, ya ce, "Wanga abu ba shi da kunya."

Rabon da in ji daɗi haka tun kafin ruwa ya ƙi mu.

Laraba, 21 ga Nuwamba
Na wanke pelikil, fim ɗin hotunan. Ɗaya ya fito yadda ban taɓa yin irinsa ba: jiminun biyu a tsaye, bayansu dutse mai kai biyu ya cika sama. Na manna shi a ƙofar shago. Mutane sun yi cincirindo. Habsa ta ce, "Malam, ba ka rantse ba?" Na ce a kan bakina na rantse, hoto kuwa ba shi da baki.

Asabar, 24 ga Nuwamba
Ajidan Chaibou, wani babba a barikin soja, ya zo ɗaukar hoto. Ya tsaya a ƙofa ya fi minti biyar. Ya sa yatsa kan dutsen ya ce, "Na san wanga." Ya fita bai ɗauki hoton nasa ba.

Laraba, 28 ga Nuwamba
Ajidan da sojojinsa sun tafi neman jiminun da motoci Landiroba biyu, sun dawo hannu rabbana! Sun kewaye gindin dutsen kwana biyu. Bai sani ba dogon ido jawo baya yake ya manna shi da gaba. Tsakanin sheƙar da dutsen akwai tafiyar rabin wuni. Hangen Dala ba shiga birni ba, in ji Kanawan kasuwa. Na yi dariya har da hawaye. Na cire hoton daga ƙofa dai.

Asabar, 1 ga Disamba
Dariya ta ƙare. Ajidan ya zo da soja biyu. Ina otorizasiyon, takardar izinin ɗaukar hoto a daji? Babu. Wa ya san ko bariki nake leƙe da wannan abu mai kama da bindiga? Suka ɗauke dogon ido, suka sa wa shago kwaɗo. A bakin ƙofa ya sassauta murya: manyan baƙi za su zo daga Yamai bikin Jamhuriya na sha takwas ga wata, yana son gashin jimina da kitsenta ya yi musu tsaraba. "Sunan kori kaɗai, kwarin da sheƙar take, mai hoto. Sai ka amshi kayanka."

Na ce, "Mon ajidan, na manta hanya."

Talata, 4 ga Disamba
Ba zan faɗa ba. Ko za su shekara da dogon idon.

Juma'a, 7 ga Disamba
Na haɗu da Baba Illo bayan masallaci. Ya ji komai, garin nan ba ya riƙe magana. Na zaci zai yi faɗa. Cewa ya yi saura kamar kwana goma jiminun su ƙyanƙyashe ƙwan, in ƙananan suka tashi da ƙafafunsu ba mai sake ganinsu a wurin. "Kwana goma, ɗana." Na ce ko ashirin ne.

A gida Habsa na dafa jar dawar taimako, ta ajiye mini kwano ta koma ɗaki. Da ta yi mini faɗa a kan shagon da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 10 ga Disamba
Na bi ta ƙofar bariki. Ban san me ya kai ni ba. Sojoji uku na zaune a ƙasa suna wasa da dogon idona, ba murfi, wannan ya leƙa ya miƙa wa wancan. Ɗaya ya tofa wa gilashin yawu ya goge da hannun riga. Da hannun riga, da yashi a jiki! Ji na yi kamar idona ake gogewa.

Talata, 11 ga Disamba
Sunan kori kawai na faɗa wa ajidan. Ban raka su ba. Kori ne mai tsawo, wataƙila ma ba za su ga jiminun ba.

In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Amma ni wa ya kore ni? Ko mari ba a yi mini ba.

Asabar, 15 ga Disamba
An aiko in zo bariki da aparai. Namijin na kwance bayan mota, wuyan nan ja ya zama toka-toka, ƙuda sun rufe idon. Ƙwai tara a cikin bargo. Ajidan yana ba da labari yana dariya: wai tsuntsun bai gudu ba, ya riƙa jan fiffike a ƙasa kamar ya karye, yana zagaya gaban mota. Baba Illo ya taɓa gaya mini haka suke yi don su janye maƙiyi daga sheƙa.

Ya ɗora takalmi kan bayansa, ya ce in ɗauka. Da ƙaramin ido na ɗauka, taku uku tsakaninmu. Hannuna bai yi rawa ba ko kaɗan, wannan ne ya fi ba ni haushi.

Ya mayar mini da kayana da makullin shago, ya ƙara da kwalbar kitsen jimina, wai maganin ciwon gwiwa. Na ce na gode. Na ce na gode!

Talata, 18 ga Disamba
Ana ta buga ganga a fili. Ban fita ba. Gilashin yana da ƙarce ɗaya a gefe, ba ya hana aiki. Yau ne da jiminun sun ƙyanƙyashe ƙwan.

Alhamis, 10 ga Janairu 1985
Baba Illo ya zo, karon farko tun bayan abin da ya faru. Raƙumin ƙarshe ya mutu, yana son hoto don katin rabon hatsi. Ya rame. Na kawo shayi, ya ce ya sha a gida. Ya zauna kan kujera, ya sassauta rawani, kunne biyu a waje. Ban iya ce masa ya dubi aparai ba, shi da kansa ya dube ni ta ciki har na gama.

Da zai fita ya tsaya, bai juyo ba. Ya ce, "Macen ta tsira. Na ga sawunta."

Bakina ya buɗe. Na rufe shi. Ya jira kaɗan, da ya ji ban tambayi inda take ba ya gyaɗa kai ya tafi.

Dogon ido na ƙarƙashin gado, Habsa ta naɗe shi cikin tsohon zane. Ba wani abu ba ne, pelikil ne ya yi wuyar samu. Gobe akwai mutum goma sha huɗu masu jiran hoton kati.