Kwanon Mahaifina a Fim ɗin Jikata

Uwargida Okbun,

Ki taimake ni. Na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai yi mini dariya ba.

Ni ne babban ɗa a gidanmu a Andong, don haka a hannuna kwanonin tagullar da muke zuba wa magabata abinci ranar tunawa da su suke. Na yi karatu a Seoul lokacin da karatu yake da daraja. Na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da tsohon rubutun Sin a sakandare, har aka ce darasin ba shi da amfani, aka ba ni fure da agogon bango, aka sallame ni. Tun daga nan ba na sa ran komai daga kowa, in ban da jikata Dasom. Ita kaɗai take zama ta saurare ni ba ta duba waya ba.

Da ta gama sakandare sai ta ƙi jami'a, ta shiga harkar fim. Wata rana ta ce, "Kaka, ara mana kwanonin nan mana, fim ne a kan tsohon gida irin namu." Na ɗauka na tarihi ne. Da hannuna na naɗe mata su.

Ashe fim ɗin barkwanci ne na 'yan makaranta. A fim ɗin, iyaye sun tafi tsibirin Jeju, 'yarsu ta kwaso ajinsu kaf gida ranar kammala karatu, ana watsa fulawa da ƙwai, ana yayyaga rigunan makaranta. Kofuna suka ƙare, sai aka buɗe akwatin kwanonin magabata. Wani mai rinannen gashi ya kifa kwanon shinkafar mahaifina a ka yana rawa a kan tebur. A kwanon miyar mahaifiyata suka ci taliya.

Ƙanena Byongchol ne ya fara bugo waya. "Yaya, ashe Baba ya zama ɗan wasa bayan mutuwa? Kwanonsa ya fi ka suna yanzu." Ya ce dangi sun yanke a sayi sababbi, Dasom kuma kada ta rusuna wa magabata tare da mu bana. Na aika mata cewa kada ta zo. Amsarta ita ce, "To, Kaka. Ka riƙa shan maganinka." Ta ajiye kwanonin a bakin ƙofa, ba ta shigo ba.

Ga abin da ya hana ni zama wuri ɗaya. Na sa hula da takunkumi na je sinima da safe don in ƙara jin haushi. Akwai inda wani tsoho maƙwabci ya shigo zai yi faɗa, sai yaran nan, a buge, suka jeru suka rusuna, suka riƙe kwano da hannu biyu, suka kawar da fuska gefe kafin su sha, kamar yadda ake yi a gaban babba. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ni, a kan kwanon ubana. Tun ranar nake kai da komo a tsakar gida, in buɗe akwatin in rufe. Mako mai zuwa ne ranar tunawa da shi. In kira ta, ko in bi dangi?

Tsohon malami, Andong

Malam,

Dasom ta yi maka laifi. Ta san abin da za ka ɗauka, ta bar ka a kai, domin ta san da ta faɗi gaskiya ba za ka bayar ba. Wannan sai ta nemi gafara a kansa, baki da baki, ba ta waya ba. Ɓacin ran danginka ma ba na banza ba ne.

Amma ka duba wurin da ya ba ka dariya. Yaran da suka kawar da fuska kafin su sha, wani ne ya koya wa jikarka wannan ladabi har ta san inda zai yi daɗi a fim. Ina jin ka san ko wane ne. Dariyarka ba cin amanar mahaifinka ba ce.

Kada ka sayi sababbin kwanoni. Tagulla ba ta riƙe abin da aka zuba mata, goge ta ake yi, kuma dama ana gogewa kafin kowace ranar tunawa. Kira Dasom yau, ka ce ta zo jajibiri ta goge su duka ita kaɗai, kai kana zaune kusa. Aikin zai cinye mata yini, a ciki za ku yi maganar da kuke gudu. Ka faɗa mata ta ɓata maka rai. Ka kuma faɗa mata ka je ka kalla, ka yi dariya. Na biyun zai fi maka wuya, amma shi ne zai dawo da ita.

Shi kuwa Byongchol, kai ne babba, kai kake cewa ga wanda zai rusuna a gidanka. Ka sanar da shi zuwan Dasom tun kafin ranar, kada ya ji a bakin ƙofa.

Ina yi muku fatan taro lafiya, jikarka tana tsaye a cikin sahu.

Okbun