Haƙorin Da Na Ajiye Don Neman Aurenki

Zuwa ga Torika, sanyin idona, ruwan kwakwar da ake sara wa mai ƙishi da tsakar rana, iskar teku mai shigowa bayan gari ya gama gasa mutane, farin tsuntsun da masunta ke bi su san inda arziki yake! Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ƙarfin takardar nan.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Kin san a aji shida na tsaya, hannuna ya fi sanin guduma a kan biro. Na ba wani ma'aikacin jirgin ruwan da ke zuwa tsibirinku Matuku wasiƙar nan ya damƙa miki hannu da hannu, domin an ce wayarki tana aljihun Kawu Sakiusa, kuma ko tana wurinki sai an hau tudun bayan coci ake samun sabis.

Yau kwana goma sha tara da kawunki ya zo Suva ya sa ki a jirgi. Dandalin jami'a yana nan ƙarƙashin mangwaronsa. Kowace Alhamis da rana ina shimfiɗa tabarmi, in ja wayoyi, in buga gangar katako ta lali, mutanen gari su shigo kyauta: masu sayar da gwaza a kasuwa, direbobin tasi, tsofaffi da lemarsu. A yi rawa, a yi waƙa, a tafa, a watse. Amma ina amfanin fili idan wata bai fito ba? Ina amfanin kwalekwale a kan yashi? Kowa na kallon masu rawa, ni kuwa katako na huɗu daga hagu nake kallo, inda kike tsayawa.

Kin tuna katakon nan? Shekara biyu ke nan. Kuna gwajin rawar mafici, na lura duk juyin da za ki yi sai kin ɗage ɗan yatsan ƙafarki na dama, fuskarki na murmushi, ƙafarki na kuka. Malamai uku suna zaune, babu wanda ya gani. Da kuka tashi na shafa wurin, na sami tsagin da ke cizon ki. Na cire katakon, na fere sabo, na goge shi har ya yi santsi kamar cikin ƙoƙon kwakwa. Washegari kika taka, kika tsaya cak, kika waiwayo. Kika ce, "Kai mai guduma, aikin jami'a aka ɗauke ka ko gadin ƙafata?" Na ce duk biyun, amma ɗaya ne ake biya. Dariyar da kika yi ranar, Torika! Har yau ban sami inda zan ajiye ta ba, tana nan ina yawo da ita.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ya tsaya min a wuya. Laifin nan da aka ɗora miki ke kaɗai, ina da kaso a ciki.

Ranar da kika ce za ki koya wa ɗalibai waƙar marigayi kakanki don Makon Al'adu, ina saman tsani ina ɗaura fitila. Na ji Malama Losalini, shugabar shirye-shiryenmu, tana murna tana miƙa miki takardar izinin waƙar ki sa hannu. Baiwar Allah, a Sydney ta girma, zuciyarta fari ƙal, amma a ganinta idan biro ya taɓa takarda magana ta ƙare. Kika ce kin tura wa Kawu saƙo bai ce a'a ba. Ni kuwa na san shirun dattijo ba amincewa ba ne. Na san waƙar gidanku ba ta ƙetare ruwa sai an kai saiwar yaqona, wadda ake jiƙawa dattawa su sha, an zauna ƙasa gaban masu ita, an roƙa. Na zuba ido mako shida ko wani zai hau jirgi da damin yaqona, ban ga kowa ba. Kuma na yi shiru! Na ce wane ni, mai share dandali, in gyara wa masu digiri magana? Na ga tsagin katako na gyara, na ga tsagin da zai raba ni da ke na kame bakina.

Ranar bikin kin yi rawa kamar raƙuman ruwa suna bin umarnin hannunki. Jama'a suka miƙe suna ihu. Mutum ɗaya ne bai tafa ba: Baba Ilaitia mai gadin ƙofa, ɗan tsibirinku. Ya cire hularsa, ya sunkuyar da kai. Tun daga nan na san kafin in naɗe tabarmi hoton rawar da aka ɗauka a waya ya isa Matuku. Haka kuwa aka yi. Bayan kwana huɗu Kawu ya tsaya a bakin ofishin Malama, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Karatu muka turo ki, ko tallan muryar mahaifinmu?" Ga jarrabawarki ta ƙarshe saura mako biyar. Shekara uku na wahalarki, a bar su su nutse saboda damin saiwar da ba a kai ba? Ba zai yiwu ba ina numfashi.

Don haka ki saurara da kyau, ya ke hasken safiyata. Jirgin da zai biyo bayan wannan, muna ciki mu uku: ni da Malama da Baba Ilaitia. Na tara ƙarfin halina na shiga ofishin Malama, karo na farko ba don gyaran fanka ba, na faɗa mata komai. Ta yi kuka, ta ce, "Peniasi, me ya hana ka faɗa tuntuni?" Yanzu kullum ina koya mata zama a tabarma da tafin girmamawa. Da kin ga abin dariya! Baba Ilaitia ya ce mata, "'Yata, tabarau ɗin nan da kike ɗorawa a ka, ki bar shi a Suva, in ba so kike a ninka mana laifi ba." Shi zai yi magana a madadinmu, tun da ya san bakin mutanenku. Yaqona na zaɓo da kaina, mai shekara biyar a ƙasa.

Amma Baba ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, wannan ba ciwon da yaqona kaɗai za ta warkar ba ne. Sunan mamaci aka taɓa. Sai da tabua."

Kin san ina da guda ɗaya. Haƙorin babban kifin teku da mahaifina ya bar min, mai launin zuma, da igiyarsa ta saƙar zaren kwakwa, naɗe a ƙasan akwatin Inna. Kin san kuma ranar da nake ajiye masa, ko da yake ban taɓa furtawa ba sai yau: ranar da dangina za su durƙusa a gidanku su nemi aurenki. Da na faɗa wa Inna ta ajiye rogon da take ferewa, ta ce, "Kai Peni, haƙori ɗaya gare ka kamar tsohuwa, shi ma za ka bayar? Ran neman aure da me za ka shiga gidan mutane, da guduma?" Na ce, "Inna, idan ƙofa na rufe, ta ina mai neman aure zai shiga?" Jiya na tarar ta fito da shi da kanta tana shafa masa man kwakwa.

Na san halinki, Torika. Na san za ki ce in riƙe abina, za ki ce ke za ki ji da Kawu. Ina roƙon ki kada ki ce komai. Kada ki yi masa gardama, domin gaskiya tana wurinsa. Ki dafa masa kifinsa, ki ci gaba da duba littattafanki. Idan muka shigo kika gan ni na rarrafa da haƙorin a hannu biyu, kada ki yi kuka a gaban dattawa. Ba aurenki zan roƙa ba ranar. Gafara zan roƙa, a binne laifi, a mayar da ke ajinki. Idan sun yarda waƙar kakanki ta sake hawa dandali ta hanyar da ta dace, alheri ne a kan alheri. Idan sun ƙi karɓa, zan dawo a jirgi na gaba, da na bayansa, har matuƙin ya gaji da ganin fuskata.

Me ya fi min, haƙori a akwati ke kuwa kina bayan teku da karyayyen buri, ko akwati wayam ke kuwa kina sanye da rigar kammala karatu? Ai tabua ba ya tsufa a gida ɗaya. Yana fita ran biki, ya shiga ran rasuwa, ya zaga dangi ya komo. Wani zai zo hannuna, ko shekara uku ne, ko bakwai. Mutumin da ya yi wata takwas yana goge dandali kafin ya iya ce miki sannu, jira ne zai gagare shi? Dutsen murjani ma a hankali yake girma, amma shi ke tare teku.

Katako na huɗu daga hagu na zagaye shi da alli. Na ce wa ɗalibai yana da matsala, kada kowa ya taka. Lafiyarsa ƙalau. Ƙafar da aka fere shi dominta yake jira.

Naki tun ranar tsagin katako, naki da haƙori ko babu, naki har ranar da teku zai ƙafe a share shi da tsintsiya,

Peniasi