Afgired ɗin Hedimasta

Laraba da dare, Dangora

Da safe hedimasta ya tara mu a ofis, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Malama Hadiza, mun yi miki afgired." Malamai suka hau yi mini barka. Na ce, "Ranka ya daɗe, wato me?" Wai an yi inhansin ɗin matsayina, za a yi bustin ɗin ƙwazona. Turanci uku a jere, ban tsinci komai ba.

Sai da na shiga aji na gane. Malam Sabo aka mayar Tudun Wada, shi ne aka haɗa mini yaransa da nawa. Ɗaki ɗaya, rabinsu a ƙasa. Yanzu muryata ta dushe, ƙafafuna sun kumbura.

Hedimastan nan da ke cinikin masara a kasuwar Ƙafin Maiyaki da Hausa tsantsa har da rantsuwa, yau ita ta gagare shi. Na san dalili. Da Hausa in ka ce ƙari, dole a tambaye ka na me: girma, albashi, ko wahala?

Gobe a gaban kowa zan gaishe shi cikin ladabi, in roƙe shi ya maimaita mini da Hausa.