Igiyar da Kuka Ja a Tsakar Gida

Da sunan Allah. Ni mahaifinku ne na rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba wanda ya sa ni. Ƙafafu ne kawai suka ƙi ni, kai yana nan daram. Zuwa gare ku ku uku: Babba, Tela da Auta. Likita ya daina kallon idona in yana magana, na kuwa san abin da hakan yake nufi. A karanta wannan a gaban uwarku, kada wanda ya tashi sai an kai ƙarshe.

Na ɗaya. Rabon gado ba nawa ba ne, Allah ya riga ya raba, ku bi shi yadda yake. Abin da na bayar tun ina raye kuwa ya bayu. Zarto da guduma na Babba ne, ko da yake bai taɓa buga ƙusa ta shiga a miƙe ba. Dogon teburin aikina na Tela ne, zai yi masa yankan yadi. Tsanin da ke jingine a bayan bayi na maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ne, a mayar masa, a ba shi haƙuri.

Na biyu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ga igiyar. Kun ɗauka barci nake yi da hantsin nan da kuka shigo da mai awon fili, alhali tagar ɗakina tsakar gida take kallo. Na ga Babba ya kafa ƙusa a bakin ƙofa, Tela ya kafa tasa a can ƙarshen tsakar gida, kuka ja igiya tsakaninku ba wanda ya dubi fuskar wani. Rabon da in ga kun kama abu ɗaya tare har na manta, sai ga shi abin da ya haɗa ku shi ne inda za a gina katangar raba gida bayan an kai ni. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yanzu kuma bai huce ba.

Na san kan rigimar. Fuskar gidan da ke kallon titi ƙarama ce. Babba yana son faffaɗar ƙofa ya riƙa shigar da motar hayarsa, Tela yana son shago a wurin. Kowa da gaskiyarsa. Amma igiyarku gida biyu ta raba, ku kuwa, har da uwarku, huɗu na bari.

Na uku. Ni kafintan rufi ne, rayuwata ta ƙare a kan layi da kwana. Tun ranar na sa aka kawo mini takarda da tsinken tsintsiya, na zana gidan, ina ta juya tsinken a kai. Na karkata shi dama, na karkata shi hagu. Duk miƙaƙƙen layin da zai ba kowa rabi, ya kuma bar masa hanya zuwa titi, sai ya ratsa ɗakin uwarku, domin a tsakiya na gina shi don ta riƙa jin motsin kowa. Taku igiyar ta bi ta ƙofarta, da an zarce da ita ta kan gadonta za ta wuce. Don haka ban yafe a ɗora bulo ko ɗaya a kan wannan layi ba muddin tana numfashi.

Na huɗu. Kun tuna wasan ashana da nake sa ku bayan cin abinci? Tsinke shida, a fitar da alwatika huɗu, wato siffa mai kusurwa uku, duka girmansu ɗaya, ba a karya tsinke ba. Babba ya yi ta tura su a kan tabarma har ya yi zuciya ya watsar. Tela ya karya ɗaya a ɓoye, ya rantse haka ya same shi. Halinku ke nan tun kuna yara. Auta ce, ko haƙoran gaba ba ta gama mayarwa ba, ta shimfiɗa uku a ƙasa, ta tsayar da sauran ukun a kansu kamar jinka, ta haɗa kawunansu da yatsa. Ku biyun a ƙasa kuke ta nema, amsar kuwa a sama take.

To, zauren gidan nan zai ɗauki bene. Tun ran gini tun ran zane, ni na tsaya a kan magini sai da ya zurfafa harsashin. A faɗaɗa ƙofa a ƙasa mota ta shiga, a ɗora shago a kanta da matakala ta waje. Tela, mai son ɗinkinka zai hau, kada ka ce mini komai. Na zana shi, zanen yana hannun Auta tare da gwangwanin da nake ajiye ashanar wasan. Ita za ta tsaya a kan aikin, kuma duk wanda ya ɗaga mata murya don tana ƙarama, ni ya ɗaga wa.

Na biyar. Babba, kai ne uba yanzu, kai za ka fara yi wa ƙanenka sallama. Tela, in ya yi, ka amsa da baki, ba da ka ba. 'Ya'yanku sun fara tambaya ko an hana su cin abinci a kwano ɗaya. Ba a hana ba.

Na shida, shi ne mafi nauyi. Kun san idon uwarku ya tafi, da ƙafa take gane gidan nan. Kun tafi kun bar igiyar a ɗaure. Ta fito da buta, igiyar ta harɗe ta, ta faɗi a kan gwiwa. Ina kallo ta taga, na kasa tashi. Ba ta kira kowa ba. Ta lalubi igiyar ta bi ta da hannu har ƙusar farko, ta dawo ta bi ta har ta biyu, sannan ta koma ɗaki. Kun tambayi ciwon gwiwar, ta ce santsi ne.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku fiye da yadda kuka yi mana. Na yafe muku abin da ke tsakanina da ku, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe juna, ku riƙe Auta, ƙofar gidan nan ta zauna ɗaya.

Jiya uwarku ta zauna a bakin gadona, ta tambaye ni a hankali, in an gina katangar, a ɓangaren wa za a bar ta. Ban iya ba ta amsa ba. Ga ta nan zaune a gabanku, ku ba ta.